Lesin ɗin jarabawar kanikanci a Tudun Wada: ya koya min ƙirga igiya, bai koya min tsere da agogo ba

Ajin ya cancanci kuɗinsa, amma rabin aikin kawai zai yi maka. Na fara da wannan ne don wanda ba shi da lokacin karanta sauran. Tun da na gama, samarin layinmu ke tare ni da tambaya a bakin shago, wasu ma iyayensu ne ke turo su, shi ya sa na ga gara in rubuta komai wuri guda, mai kyau da marar kyau.

Ga wanda bai san zancen ba, manyan kamfanonin da ke ɗaukar masu koyon aikin inji, irin na siminti da mai da lemo, ba kasafai suke kiran mutum intabiyu ba sai ya tsallake jarabawar gwajin basira. Akwai lissafi, akwai Turanci, sannan akwai ɓangaren fahimtar kanikanci, wanda shi ya kai ni ajin. Kusan duk hotuna ne. A zana maka mutum biyu ɗauke da kaya a kan sanda, a ce wa ya fi jin nauyi. A jera giyar inji biyar masu haƙora, a ce ina ta ƙarshe za ta juya. Zaɓi uku ko huɗu, ka danna ɗaya, ka wuce. Wadda ta fi suna a irin wannan jarabawa ita ce ta Bennett, da George Bennett ya tsara a Amurka a 1940, yanzu tana hannun kamfanin Pearson. Tsohon zubinta tambaya 68 ce cikin minti 30, sabon kuma 55 cikin minti 25. Raba ka gani: daƙiƙa 26 ko 27 ke nan kowace tambaya. Takardun gwajin da na gani suna yawo a hannun masu neman aiki a nan, salonta suka bi.

Ni sana'ata gyaran janareta da injin ban ruwa. Na yi makarantar fasaha, na fito da takardar NABTEB, kuma tun ina yaro hannuna ya saba da sifana a garejin kawuna. Irinmu ne muka fi raina wannan jarabawa, don muna ganin ai aikinmu na kullum ne aka zana a takarda. Irinmu ne kuma muka fi ba mai ajin wahala.

Ajin yana Tudun Wada a Kaduna, tafiyar ƙafa ce daga Panteka. Ba zan kama sunan mai shi ba tunda zan faɗi aibunsa, mu dai Malam muke ce masa. Tsohon malamin makarantar fasaha ne da ya yi ritaya, dattijo mai saurin magana. Ba ya raina tambaya komai shirmenta, abin da ba ya so shi ne a ba shi amsa a ce "haka nake gani". Wurin shago ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, ga bencina, ga allo. Abin da ya raba shi da sauran masu lesin da na leƙa shi ne wani ƙarfe da aka gitta a saman rumfar, an rataye fuli iri-iri, wato ƙafar da igiya ke bi ta kanta a ɗaga kaya, da tsohon cen bulok, wato fuli mai sarƙa. A ƙasa kuma ga buhun yashi da ya auna kilo 50 cif, jarkoki, baro, keke marar tayar gaba, akwatin giyar mota da aka buɗe cikinsa, da sikeli mai ƙugiya irin na 'yan gwangwan. Yawancinsu a Panteka ya tsinto su. Sikelin nan shi ke raba gardama a ajin. Da murya ta fara tashi sai Malam ya ce, "Ku bari, a tambayi sikeli."

Da liba aka fara, wato sandar da ake dogara wa wani abu a ɗaga kaya da ita, kuma nan ya fi daɗewa. Ya ɗauko bututun ƙarfe mai tsawon mita 2 da rabi, ya ɗora shi a kan jakin ƙarfe irin na masu walda, ya rataye buhun yashin a nisan rabin mita daga inda bututun ya dogara, ya bar mita 2 a ɗaya ɓangaren. Kafin kowa ya taɓa, sai ya ce kowa ya rubuta kilo nawa sikeli zai nuna idan aka ja ƙarshen dogon hannun ƙasa. Ƙa'idar layi ɗaya ce: nauyin kaya sau nisansa daga madogara, daidai yake da ƙarfinka sau naka nisan. Rabin 50, 25 ke nan. Raba gida 2, ka sami 12.5. Wani ɗan poli da ke zama a gaba ya faɗi amsar tun Malam bai rufe baki ba. Aka maƙala sikeli, aka ja, buhu ya bar ƙasa, sai allura ta tsaya a wajen 10.

Aji ya kaure. Ɗan polin ya ce sikelin ne ya lalace, wani ya ce yashin ne ya zube. Malam bai ce komai ba. Ya sauke buhun, ya saki bututun, dogon hannun ya faɗo ƙasa da kansa, ƙau! Sai ya juyo ya ce, "To samari, wa ya ja shi?" Nauyin bututun ne. Mafi yawansa yana ɓangarenmu, tun farko yana taya mu ɗaga buhun ba mu sani ba. "A takardar jarabawa," in ji shi, "bututu ba shi da nauyi, sai in an faɗa muku. 12.5 za ku zaɓa. Amma ina so ku san inda sauran ya tafi."

Wannan zaman kaɗai ya biya min kuɗin watan farko. Ƙa'idar ba sabuwa ba ce a wurina, na haddace ta a makaranta, kuma ta girmi kowa: Arkimidis mutumin Sirakus, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya rubuta hujjarta. Sai dai ban taɓa ganin an auna ta a gabana, ta ƙi fitowa daidai, sannan a nuna min dalili ba.

Nau'o'in liba uku da ake sa yara haddacewa, shi bai yarda da hadda ba. Tambaya ɗaya yake so ka yi wa hoton: me ke tsakiya? In madogara ce a tsakiya, ga almakashi, ga filaya, ga taya liba ta masu faci. In kaya ne a tsakiya, ga baro, ga mabuɗin kwalba. In ƙarfinka ne a tsakiya, ga matsefata, ga shebur, ga damtsenka kansa, kuma wannan na ukun ba ya rage maka wahala, ƙara maka yake yi, sauri da nisan motsi yake ba ka a madadi. Da ya ambaci jigo sai fuskokin waɗanda suka taso a ƙauye suka washe, suka karɓe bayanin daga bakinsa: dunƙulen laka ko dutse a guntun hannu, guga a dogon hannu, mai ban ruwa ya ja gugan wofi ƙasa, nauyin bayan ya taya shi fito da shi cike. 'Yan birnin da ba su taɓa ganin jigo ba sai da aka zana musu. Tambayar mutum biyu da sanda kuwa a jikinmu muka yi ta. Kaya mai kilo 60 a kan sanda mai mita 3, an rataye shi mita 1 daga na farko, mita 2 daga na biyu: na kusa yana ɗauke da 40, na nesa 20. Wanda aka sa a kusa bai nemi a yi masa lissafi ba, kafaɗarsa ta gaya masa.

Sai fuli, wanda a ganina shi ne gwanintar Malam ta gaske. Jarka mai lita 25 cike da ruwa, kilo 25 ke nan da ɗan nauyin robar. Aka ratsa igiya ta kan fuli ɗaya da ke kafe a sama, aka ja, sikeli ya nuna 25 har da ɗoriya. Wato bai rage komai ba, ya dai juya maka hanyar ja, maimakon ka ɗaga sama sai ka ja ƙasa, nauyin jikinka ya taimaka. Mutane da yawa suna zubar da maki a nan, don suna ganin fuli sai su raba biyu. Sannan ya ɗaure bakin igiyar a sama, ya sa fulin a jikin jarkar yana tafiya tare da ita. Yanzu igiya 2 ke riƙe da jarkar, a takarda 12.5, a sikeli ya ɗan haura 14. Da ya haɗa fuli biyu a sama biyu a ƙasa, igiya 4 suka riƙe kayan, takarda ta ce 6 da kwata, wata yarinya da ke ajin ta ɗaga jarkar da hannu ɗaya tana dariya. Malam ya sa alli a jikin igiyar, ya ce ta ɗaga jarkar mita 1. Sai da ta jawo mita 4 na igiya, ta taru a gindin ƙafarta.

"Kin ga?" ya ce mata. "Ba wanda ya yafe miki aikin, 'yata. Bashi aka raba miki kashi huɗu."

Abin da yake nanatawa shi ne kada ka ƙirga fuli, ka ƙirga igiyoyin da ke riƙe da fulin da ke tafiya da kaya. Inda gizo ke saƙar shi ne igiyar ƙarshe, wadda ke hannun mai ja. In ta fito daga fulin sama tana sauka ƙasa, ba a sa ta a lissafi. In ta fito daga fulin ƙasa ana jan ta sama, tana cikin masu riƙe kayan, a ƙirga da ita. Ya ba mu dabarar ɗora biro a gicciye tsakanin fulin sama da na ƙasa, a ƙirga layukan da biron ya ratsa, sannan a duba na ƙarshen ina ya dosa. Har yau in na ga ana sauke inji da cen bulok, mutum yana ta jan sarƙa zarar-zarar injin na tashi kaɗan-kaɗan, allin jikin igiyar nan nake tunawa.

Na ce irinmu masu aikin hannu mun fi ba shi wahala, ga dalilin. Mun san ƙarfe, mun san tsatsa, mun san igiyar da ta jiƙe, kuma da wannan sanin muke amsa tambaya. Ita kuwa takarda tana zaune ne a wata duniya da igiya ba ta da nauyi, fuli ba ya cijewa, iska ba ta tare komai, sai in an ambata. Akwai wani mai faci a rukuninmu, magidanci, ya girme mu duka, da ya rantse cewa babban tanki ya fi ƙarami turo ruwa da ƙarfi ko da tsayin ruwansu ɗaya ne. Malam ya aika aka aro tiyon nan fari da magina ke daidaita gini da shi, ya haɗa bokiti da gorar ruwa ta gindi. Ruwan ya tsaya daidai wa daida a duka biyun. Malam ya ce masa: "Oga, da na bokitin ya fi ƙarfi, ai da ya tura na gorar ya yi ambaliya." Zurfi ne ke kawo matsin ruwa, ba faɗi ba, kusan kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu. Mai facin ya yi shiru, washegari ya dawo da wata sabuwar gardamar, a kan bulo: wai in aka kwantar da shi ya fi wuyar ja a kan in aka kafa shi ta gefe. Sikeli ya nuna kusan abu ɗaya.

Haka zancen dutse babba da ƙarami da aka saki tare daga sama. Takarda na so ka ce tare za su iso. Malam ya ambaci Galileo, ya kuma nuna mana a wayarsa bidiyon David Scott na tafiyar Apollo 15 a 1971, yana sakin guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare. Wannan aikin, na nuna maka duniyar gareji da duniyar takarda gefe da gefe har ka san lokacin da za ka ajiye ɗaya ka ɗauki ɗaya, ban ga littafin tambayoyin baya da zai yi maka shi ba.

Giya ta zo min da sauƙi, amma na ƙaru. Biyu da haƙoransu ke cizon juna, ɗaya dama ɗaya hagu. In an jera su a layi, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa ba: in adadinsu 3 ne ko 5 ko 7, ta farko da ta ƙarshe hanya ɗaya suke bi, in 2 ne ko 4 ko 6, sun saɓa. Mai haƙora 40 in tana tura mai haƙora 10, zagayenta ɗaya ƙaramar ta yi 4, kuma duk giyar da aka cusa a tsakaninsu ba ta canza wannan lissafin, hanyar juyi kawai take canzawa. Muka ƙirga haƙoran keken ajin, 44 a gaba, 18 a baya, wato feda ɗaya tayar baya ta zagaya kusan sau 2 da rabi. Sarƙa da bel miƙaƙƙe suna juya duka biyun hanya ɗaya, bel da aka harɗe ya saɓa su. Ya sa aka je shagon telan maƙwabta muka tsuguna muna kallon ƙarƙashin keken ɗinki, yadda babbar ƙafar ƙasa ke sa ƙaramar sama gudu. Akwai tarko biyu da ya nuna mana waɗanda ban sani ba: ƙaramar giya da ke juyi a cikin zobe mai haƙora ta ciki, hanya ɗaya suke bi, sannan giya uku da aka haɗa kowace na cizon sauran biyun, ba mai motsi a cikinsu, sun kulle.

Jak mai amfani da mai, da sirinji biyu ya koyar da shi, babba da ƙarami, an haɗa su da robar ƙarin ruwa. Ka danna ƙaramin da yatsa ɗaya, wanda ke riƙe da babban ya ji ana ture shi. Ƙa'idar Bafaranshen nan ce Pascal, na ƙarni na 17: matsin da ka sa wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina daidai. Abin da ke kayar da mutane shi ne a ba su faɗin bakin fistin maimakon girman fuskarsa. In ƙaramin santimita 1 ne babban kuma 4, ba sau 4 ƙarfin zai ninka ba, sau 16 ne. Ka danna da kilo 20, ya ɗaga 320, amma sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 16 kafin babban ya tashi 1. A nan ne ma na iya bayyana wa yaran shagona abin da ya sa birki ke laushi in iska ta shiga layin: mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa.

Gangare da noti da gatari zama ɗaya aka yi musu, kuma ya wadatar. Duro mai kilo 150, katako mai mita 3, bayan a-kori-kura mai tsayin mita 1, a takarda ƙarfin kilo 50 ne zai gangara da shi sama. Noti kuwa gangare ne da aka naɗe a jikin ƙarfe. Na M10 da muke ɗaurewa kullum, zagaye ɗaya milimita 1.5 yake shiga, alhali hannunka a ƙarshen sifana mai santimita 20 ya yi tafiyar kusan santimita 125. Gogayya na cinye mafi yawan ribar, amma ita ce kuma ke hana notin kwancewa da kansa.

To, ga inda ajin ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Ba a taɓa ɗaura mana agogo ba. Malam zai raba tambayoyi ya ce, "Ku natsu, ba inda za mu." Da na yi masa maganar daƙiƙa 27 ɗin nan, cewa ya yi wanda ya gane ba ya bukatar gudu. Ban yarda ba, har yanzu ban yarda ba. Ganewa daban, ganewa cikin rabin minti daban, ga agogo na raguwa a kusurwar allon kwamfuta, ga na kusa da kai yana ta danna linzami. Akwai waɗanda a aji ba tambayar fulin da ke gagarar su, amma sai sun sake zana hoton a takarda tukuna, kuma ranar jarabawa babu wannan sararin. Kwamfuta ma babu ko ɗaya a wurin. Cikinmu akwai wanda bai taɓa riƙe linzami ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Mu muka nemo wa kanmu magani. Muka haɗu mu kaɗan, bayan Isha'i, ɗaya ya riƙe agogon waya, tambaya 20 minti 9, in lokaci ya cika a ajiye biro ko an gama ko ba a gama ba. Sannan muka biya kuɗin awa a wata cibiyar da yara ke gwajin JAMB, don hannu ya saba. A waɗannan zaman ne muka koyi karanta tambayar kafin kallon hoton, da tsallake duk wadda ke neman ƙirgan haƙora mu dawo mata daga baya. Wannan aikin ajin ne, bai kamata a bar mana shi ba.

Na biyu, takardun. Kwafi ne na kwafi na kwafi, wasu hotunan sun dushe har ba ka iya gane bel miƙaƙƙe ne ko harɗaɗɗe, wanda kuma shi ne duk tambayar. Takardar amsoshin da ke baya tana da kurakurai. Akwai wata tambayar fuli da aka rubuta amsarta 3, muka ƙirga muka sake ƙirgawa 4 ne. Malam ya duba ya ce mu ne da gaskiya, ya yaba mana, amma bai gyara uwar takardar ba. Na tambayi wani daga rukunin da ya biyo bayanmu, ya ce har yanzu 3 ɗin ce a ciki. Wanda ke bita shi kaɗai a gida zai ɗauka shi ne bai gane ba.

Na uku, son zuciyar Malam a fili take. Abin da za a rataya a auna, zai kwashe mako a kai. Lantarki kuwa, ƙwan fitila a jere da a gefe da gefe, batir, makunni, zama ɗaya aka yi a gurguje, a allo kawai, ko waya ba a haɗa ba. Sifirin da kumburin ƙarfe in ya ji zafi, ambato kawai aka yi. Ni da nake wasa da waya kullum ban ji a jikina ba, amma masu walda da masu faci sun fita yadda suka shigo. Haka kuma da Hausa yake koyarwa, wanda shi ya sa abin ke zama, sai dai jarabawar da Turanci take zuwa, kuma ba a ware lokacin karanta tambayoyin yadda za su zo ba. Wanda Turancinsa ke da rauni zai iya sanin amsar ya rasa me aka tambaye shi.

Wurin kansa sai haƙuri. Maƙwabta masu walda ne, in suka tayar da injin yankan ƙarfe sai Malam ya tsaya ko ya yi ta ɗaga murya. Da rana kwanon na zuba zafi, da damina ruwa na dukansa ba ka jin na kusa da kai. Babu bayi, wanda ya fi cutar 'yan matan da ke zuwa, ɗaya ma ta daina zuwa tun ba a yi nisa ba. Ajin yamma an ce bayan La'asar, amma sau da yawa sai mu zauna jiransa, Magariba ta katse darasin a tsakiya.

Ranar tawa jarabawar, a kwamfuta aka yi, a wani babban zaure. Fuli da giya da liba sun fito da yawa, kuma ban tsaya tunani a kansu ba, na ɗora yatsa a allon na ƙirga igiya kamar yadda muke yi da biro. Giya ukun da suka kulle ma ta fito. Tambayoyin lantarki sun fi yadda ajin ya sa mu zata. Na kai ƙarshe da ƙyar, lokaci na dab da cika, kuma wannan zaman bayan Isha'i ne ya yi min shi, ba ajin ba. An kira ni mataki na gaba, ina jiran rana.

Wa zan ce ya je? Wanda ya haddace ƙa'idoji a makaranta bai taɓa ganinsu a ƙarfe ba, ya je. Mai aikin hannu irina da ke ganin ya riga ya sani, shi ma ya je, ya ma fi kowa bukata, amma ya tafi da niyyar a kayar da shi a gardama. Wanda jarabawarsa saura mako guda, kada ya ɓata kuɗinsa, tafiyar Malam a hankali take, gara ya nemi tambayoyin gwaji ya zauna da agogo. Kuɗin wata bai kai na buhun siminti ɗaya ba a lokacin da na yi, kuma wata-wata ake biya, ba ya neman a ba shi gaba ɗaya. Kuɗin kwafin takardu daban ne.

In kana da zaɓi, ka nemi rukunin safe na ranakun aiki. Mutanensa kaɗan ne, kowa na samun riƙe sikelin da hannunsa, masu waldar ma ba su gama buɗe shago ba. Na Asabar cika yake har wasu na tsaye a bakin titi, in ka zauna a bencin baya allurar sikelin ma ba za ka hango ba, sai dai a faɗa maka abin da ta nuna.